Kwamfutoci Arba'in na Baba Makulli

A Sashen Nazarin Kwamfuta da Sarrafa Bayanai na jami'ar akwai furofesoshi biyu, da daktoci huɗu, da Shugaban Sashe mai ofis da kafet. Amma duk ɗalibin da ya yi mako guda a wurin ya san wanda ke riƙe da sashen. Wani dattijo ne gajere mai ɗan gemu, kullum yana zaune a kan kujerar roba a bakin ɗakin kwamfuta, da tarin makullai a ɗaure a ƙugunsa. Sunansa na gaskiya yana can cikin fayil a ofishin ma'aikata. Kowa Baba Makulli yake ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci.

Da masinja ya fara, yana yawo da takardu daga wannan ofis zuwa wancan. Da aka kawo wa sashen sababbin kwamfutoci guda arba'in, sai aka duba aka ga babu mai amana kamarsa, aka damƙa masa ɗakin. Ko wata bai cika ba wani ɗalibi ya kifar da lemo a kan madannai, wani kuma ya fita da linzamin kwamfuta a aljihu, wai mantuwa ya yi. Shugaban Sashe na wancan lokaci ya kira Baba, ya bar shi a tsaye, ya miƙa masa takardar gargaɗi, ya ce idan ko ƙusa ɗaya ta sake lalacewa a ɗakin nan, ya ajiye makullan ya kama hanyar gida. A lokacin yana da 'ya'ya biyar, duk suna ci a tukunya ɗaya. Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihun gaba, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ba ta bar aljihun ba sai ranar wanki.

Ya zauna ya yi nazari mai zurfi, irin wanda furofesoshin ba su taɓa yi ba, ya gano bakin zaren: ba abin da ke lalata kwamfuta sai ɗalibi. Idan aka raba su, shi ke nan, an huta.

Matarsa mai ɗinki ce. Ya kai mata awo, ta ɗinka riguna arba'in da yadi mai furanni, kowace da roba a bakinta, aka sa wa kowace kwamfuta tata. Kwalayen da aka kawo na'urorin a ciki kuwa bai yar ba. Ya yanka su dogaye-dogaye, ya ɗauki alƙalami mai kauri ya zana madannai a kan kowanne, harafi bayan harafi, babu wanda ya tsallake. Ranar darasin gwaji ɗalibai su cire takalma a bakin ƙofa, su shiga a layi, kowa ya zauna gaban kwamfuta mai riga, ya ɗora kwalinsa a cinya. Guda ɗaya tak ake tuɓewa, ta gaba, malami ya zauna a kanta yana nuna yadda ake yi, na baya suna miƙa wuya, yatsu suna ta bugun kwali. Baba yana tsaye a baya, hannu a goye, ido a buɗe.

Malaman ba su yi ƙorafi ba. Me za su ce? Tsarin ya yi musu daidai. Ɗalibi ya rubuta manhajarsa a littafi, malami ya tafi da ita gida ya duba da jan biro yana kishingiɗe. Tun da aka kafa sashen ba a taɓa jin manhajar da aka rubuta a takarda ta ƙi aiki ba. Darasin rumbun bayanai a takarda, na haɗa kwamfutoci da juna a takarda, har na tsaron bayanai a takarda, kuma tsaron ya yi kyau ƙwarai, don babu ɓarawon da ya taɓa kutsawa cikin littafin kowa. Duk bayan 'yan shekaru masu duba ingancin karatu su zo. A ranar a tuɓe rigunan, a kunna na'urar sanyaya ɗaki, baƙi su zagaya suna gyaɗa kai, su ce ba su taɓa ganin ɗakin kwamfuta mai tsabta irin wannan ba. Gaskiya suka faɗa.

'Ya'yan masu hali ba su damu ba, suna da nasu kwamfutocin a jaka. Wanda ya dami Baba wani ɗalibi ne da ya sa wa suna Taɓe-taɓe, mai wata tsohuwar kwamfutar cinya da aka ɗaure murfinta da salatif, kullum cikin kwance ta yake yana mayarwa. Ran da Baba ya kama shi ya ɗaga rigar kwamfuta mai lamba tara yana leƙe, har bakin matakala ya raka shi da faɗa, ya ce masa irinsu ne ba sa zama komai a rayuwa.

Buri ɗaya Baba yake da shi a duniya, kuma kowa a gidan ya san shi. Cikin 'ya'yansa biyar, Auta ce kaɗai ta kai jami'a. So yake ta samu aikin ofis, ta zauna a ciki kan kujera mai juyawa, ba a bakin ƙofa irinsa ba. Da ta samu gurbi a sashen nasu, kwana uku yana tare mutane a hanya yana faɗa musu, har da waɗanda suka riga suka ji. Kuma yarinyar ba ta ba shi kunya ba. Ita ce ta ɗaya tun daga shekarar farko. Rubutunta kamar an buga da inji, malamai suna ɗaga littafinta a aji suna cewa ga yadda ake rubuta manhaja. A bugun kwali kuwa babu mai saurinta.

A shekararta ta uku ta same shi a gida yana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi.

"Baba, don Allah ranar Asabar ka buɗe mini ɗakin, ko na awa ɗaya. So nake in gwada abin da nake rubutawa, in ga ko yana tashi."

"Malaminki bai ba ki maki ba?"

"Ya ba ni."

"To, ya tashi ke nan. Ke fa kin san matsayina. In na buɗe miki, gobe a ce Baba Makulli ya fara son kai. Doka doka ce, ko a kan 'yata."

Matarsa ta tsayar da keken ɗinki. "Malam, to ka nemo mata tata mana, ko tsohuwa ce."

"Ikon Allah! Yarinyar da ubanta ke riƙe da kwamfuta arba'in ce za a nemo wa tsohuwa? Ai sai a yi mana dariya."

Matar ta dube shi, ta ci gaba da taka kekenta. Shi kuwa ranar ya ji daɗin kansa sosai. Washegari ya ba da labarin a wurin masu gadi, don su san har yanzu akwai masu gaskiya a ƙasa.

Auta ta gama da sakamako mafi daraja. Bayan wata biyu wani kamfanin rarraba magunguna ya nemi mai kula da rumbun bayanansa, mutum ɗaya suke so, aka kira ta ganawa. Ranar ta zo daidai da ranar da jami'a ke karrama ma'aikata. Da safe suka fita tare, ya sa ta a mota, ya yi mata addu'a, ya wuce babban ɗakin taro. Aka kira sunansa a lasifika, aka ce shekara goma sha ɗaya ba a taɓa kai ko na'ura ɗaya daga ɗakinsa wurin gyara ba. Aka tafa. Shugaban Sashe ya miƙa masa takardar yabo a cikin gilashi, aka ɗauke su hoto.

Da la'asar ya shigo gida rungume da gilashin. Ya tarar da Auta zaune a bakin gado, ko mayafin fitarta ba ta cire ba, uwarta kuma tana gaban keke amma ba ta ɗinki.

"Yaya aka yi? Sun ce yaushe za ki fara?"

"Jarrabawa biyu ce, Baba," in ji Auta. "Ta takarda ni na zo ta ɗaya."

"Ai na sani!"

"Sai suka zaunar da mu gaban kwamfuta. Suka ce cikin rabin awa kowa ya tsara jerin magunguna, ya fitar da waɗanda suka kusa lalacewa. Wallahi na san amsar, ko daga barci aka tashe ni zan faɗa. Amma madannan suna nutsewa, Baba. In na danna harafi ɗaya sai ya fito sau uku. Da na samu na gama, sai wani jan rubutu ya fito, wai akwai kuskure. Ban san abin da ake yi masa ba. Ni ban taɓa ganin kwamfuta ta mayar wa mutum da magana ba."

Baba ya ce, "To ba ki kira mai kula da ɗakin ba?"

"Babu mai kula da ɗaki. Na cire hannuna na zauna, tsoro nake kar in ɓata musu. Da lokaci ya kusa cika na roƙi takarda na rubuta amsar na miƙa. Matar da ke gwada mu ta karanta, ta ce daidai ne, ko aya ban tsallake ba. Sai ta tambaye ni, a makarantarmu babu ɗakin kwamfuta ne?"

"Me kika ce mata?"

"Na ce akwai. Arba'in ne, kuma ko ɗaya ba ta taɓa lalacewa ba."

Ba da gatse ta faɗa ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Ya tambaye ta wa aka ɗauka, ta ce Taɓe-taɓe ne, shi da ya sha da ƙyar a kowace jarrabawa. Jan rubutun ya fito masa har sau biyar, yana gyarawa yana dariya.

Baba ya rasa inda zai ajiye gilashin. Ya duba bango, ya duba tebur, a ƙarshe ya jingina shi a bayan ƙofa, fuskar tana kallon bango. Matarsa ta kawar da kai daga kallonsa. Kunya ta kama shi irin wadda bai ji ba ko ranar da aka bar shi a tsaye a ofis. Ya shafa aljihun gaba, takardar gargaɗin tana nan inda take.

Washegari Asabar ce. Da hantsi ya ce wa Auta ta sa takalmi ta biyo shi. Harabar sashen babu kowa, sai ƙarar makullansa. Ya buɗe kwaɗo na sama, ya buɗe na ƙasa, ya tura ƙofa. Auta ta sunkuya za ta cire takalmi, ya ce ta bar su. Ga kwamfutocin nan layi-layi cikin rigunansu masu furanni, ga kwalaye a jere a kusurwa, tsakiyar kowanne ya yi baƙi saboda yatsun ɗaliban shekara goma sha ɗaya. Ya nufi lamba goma sha bakwai, inda Auta ta zauna shekara huɗu, ya cire rigar da hannunsa, ya danna maɓallin kunnawa, wanda shi kaɗai ya sani a jikin na'urar. Ta yi ƙara kaɗan, fuskarta ta kawo haske.

"Zauna," in ji shi. "Yi duk abin da kike so. In ta lalace ta lalace."

Auta ta zauna. Mai digiri ce, ta ɗaya a ajinsu, shekararta ashirin da uku. Ta dubi madannan, sababbi ful, ko harafi ɗaya bai goge ba. Ta haɗa hannuwanta biyu a cinya, daidai inda kwalin yake zama, sannan ta ɗago kai ta dube shi.

"Baba, in taɓa?"