Ranar da Na Ɗauki Inna Hoto

Ranar Asabar, ashirin da tara ga watan Mayun 1999, mazan gidanmu na Gyadi-Gyadi sun cika falon Baba suna kallon soja na miƙa mulki a talabijin, ni kuwa ina raɓe a bayan randa da kyamarar aro a ƙarƙashin hijabi. Shekarata goma sha biyu, an ɗora mini aikin da ya gagari manya: in ɗauki kakata Inna hoto. Ran Litinin za a kwantar da ita a asibiti a yi mata aiki a ciki, kuma duk duniya babu hotonta ko guda. Baba bai faɗi abin da yake tsoro ba, amma kwana uku ana fito da tuwonsa yadda aka kai shi.

Inna ba ta shiri da hoto. Ranar sunan ƙanena da mafici ta kori mai hoton da aka ɗauko daga Tarauni. Ni kuma an san ni da rawar kai. In aka aike ni niƙa sai na tsaya 'yar gala-gala a Daurawa, in dawo da gari bayan an gaji da jira. Wuri ɗaya kawai nake iya zama, shagon Madam Uche, wata Inyamura mai hoto a bakin titinmu, wadda matan unguwa ke kira cikin gida ranar biki tunda namiji ba ya shiga. Tana da kwali cike da lalatattun hotuna, shi ne makarantata. Takan zaro ɗaya ta ce in faɗi laifinsa: wannan an yanke wa ango ƙafa, wannan igiyar shanya ta fito daga kunnen amarya, wannan an fuskanci rana mutane sun zama gawayi. 'Yar takardar cikin kwalin fim mai zanen rana da gajimare kuwa, na haddace ta fiye da karatun Islamiyya. Ita ta koya mini in manna gwiwar hannu a haƙarƙari, in riƙe numfashi kafin in danna. Takan ce da Hausarta mai daɗi, "Kyamara ba ta son mai gaggawa. Jira mutum ya manta da ke."

Da Baba ya kai wa Madam Uche kukansa, ta ce Inna za ta gane ta tun daga soro, amma wa zai kula da yarinyar da kullum take zarya a tsakar gida? Ta ba ni kyamara da sauran ɗauka biyu a fim ɗin, ta gargaɗe ni in bari sai rana ta yi sanyi.

Ina fa! Ana tafi a talabijin, rana tsaka, na hango Inna ta fito alwala, na danna. Ƙeyarta na samu da rabin buta. Na ji kamar in kurma ihu don takaici. Saura ɗaya.

Daga nan har la'asar na sha azabar da ban taɓa sha ba. Ƙawayena suka zo kirana carafke na kore su. Na zauna, na tashi, na leƙa waje, na dawo. Hadari ya fara haɗowa daga gabas, haske na raguwa, Inna kuwa ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. Sai can ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ta ɗauki faifai tana tsintar wake. Na lallaɓa na janye bokitin da ke bayanta, na durƙusa, na ɗaga kyamara.  Na sauke, na sake ɗagawa.

Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ke Binta, tun hantsi kike kewaya ni kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Matso nan." Na matsa. Ta ajiye faifan, ta gyara ɗankwali, ta dube ni ido cikin ido. "Ɗauki ki kai wa ubanki. Ki ce masa na ce ya ci abinci."

Na riƙe numfashi na danna.

Ran Laraba aka wanko hoton. Ya ɗan karkace, amma fuskarta ta fito tangaran, har da guntun murmushin da take yi in ta kama mutum da laifi. A aljihun gaba Baba ya sa shi, da shi ya yi ta jinya, da shi ya karɓi gaisuwar rasuwarta bayan mako biyu.

Yau hoto ne sana'ata. Ina ɗaukar ɗaruruwa a biki guda in goge rabi ban ji komai ba, ɗalibaina kuma a waya suke koyon abin da na koya a kwalin Madam Uche. Wani lokaci ina tsaka da aiki sai in ji kewar wannan yammacin ta kama ni. Har yau ban sake ɗaukar wanda ya san dalilin da ya sa ya tsaya mini kamar yadda Inna ta sani ba.