Littafin Awon Tela

Shekara talatin da 'yan kai muna rumfa ɗaya da Tela, shi yana ɗinki, ni ina gyaran takalmi. Mutum ne da ba ya wasa da awo. Duk wanda ya taɓa kawo masa yadi, awonsa na cikin wani littafi mai baƙin bango: wuya, kafaɗa, ƙirji, hannu, tsawo. Ko kofin ruwa ba ya bari a ajiye kusa da littafin nan.

Da idonsa ya yi rauni, zare ya daina shigar masa allura, masu kawo aiki suka janye ɗaya bayan ɗaya. Ya kifa wa keken ɗinkin murfinsa na katako, ya ce ya bar wa 'yarsa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. A hannunsa ta koyi ɗinki. Ɗakin da za ta kafa keken kawai take nema.

Bai daina zuwa rumfa ba, don zaman gida ya gagare shi. A tsallaken titi akwai ɗan shagon cacar lamba: ka zaɓi lamba biyar, ka biya, a ba ka 'yar takarda. Wata rana zama ya ishe shi, ya buɗe littafin, ya kwafi awon wani direba da ya daɗe da rasuwa, ya tsallaka. Aka yi rashin sa'a ya ci.

"Ka gani, Mai Takalmi? Ni ba caca nake ba. 'Yan caca kintace suke yi, ni kuwa awo nake, kuma awona bai taɓa kuskure ba."

"To ai wandon da ka ɗinka min har yau ƙafa ɗaya ta fi tsawo."

"Ƙafafunka ne ba daidai ba, tsoho."

Daga nan kullum da hantsi sai ya kwafi shafi guda. In bai ci ba, ya ce mai awon ne ya yi ƙiba bayan an auna shi. Almakashi ya tafi kasuwa, dutsen guga ya bi baya. Sau biyu na yi masa magana, ya ce in kula da takalmana. Na kula da su.

Ranar da 'yar ta samu ɗaki, ta zo da mai baro. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta ɗaga murfin. Babu kan keke, sai ramin da yake zama, da bel ɗin da ke juya shi a rataye.

"Baba, ina kan?"

"Yana wurin gyara."

Ta dube ni. A gabana aka cusa shi a buhu, na kuma san ba gyara ya tafi ba. Na sunkuyar da kai ga takalmin da ke hannuna. Ta gane. Ba ta ɗaga murya ba. Ta sallami mai baro, ta ɗauki littafin ta sa a jaka.

"Wannan kam ba za a kai shi gyara ba," ta ce, ta tafi. Yanzu wankau take yi a gidajen mutane.

Washegari Tela ya zo da wuri, ya zauna yana taka fedar teburin, bel na lilo. Da hantsi ya yi, babu littafin da zai kwafa, ya zare tef ɗin awo daga wuyansa.

"Tsoho, miƙe in ga kafaɗarka."

Na ce ina da aiki a hannu. Ya ce ba komai, zai jira.