Hannuna ya warke, kuma ba kuturta ba ce

Wata takwas ke nan ban rubuta komai a nan ba. Waɗanda suka neme ni don Allah, na gode. Waɗanda suka neme ni don su samu abin kaiwa gaba, ku ma ku karanta, da ku nake.

Ni ce Rabi mai awara, a Malumfashi. Shekara tara ina suya a ƙofar gidanmu. Wanke waken suya, jiƙo, tata, ruwan tsami, wankin tukwane da omo, duk da hannuna nake yi.

Da ƙaiƙayi abin ya fara, a tsakanin yatsu. Sai wasu ƙananan ƙuraje masu ruwa. Kafin wata biyu tafin hannuna ya bushe ya tsattsage, in na dunƙule shi sai jini. Ruwan tsami in ya taɓa wurin kamar an zuba min barkono.

Na je kemis. Mai shagon ko kallon hannun bai yi ba, ya miƙo min wani mai a roba da babu rubutu a jikinta, wai haɗi ne na musamman. Kwana uku na ji sauƙi. Da ya ƙare abin ya dawo fiye da da. Malam, in kana karanta wannan, ka ji tsoron Allah.

Sai wata tsohuwa ta ce in jiƙa hannun a ruwan toka da kanwa. Na yi. Ranar har kuka na yi.

Amma duk wannan bai kai maganar Ladi zafi ba.

Ladi maƙwabciyata ce. Ni na koya mata awara, a tsakar gidana, da tukunyata. Ita ce ta tsaya a gidan suna a Kafur, gaban mata, ta ce, "Ni dai ba na cin awarar Rabi yanzu. Ku dubi hannunta. Haka kuturta ke farawa."

Cikin mako guda mutane suka ɗauke ƙafa. Matar da kullum take sayen ta karin kumallo ta wuce ta gabana ta sunkuyar da kai. A islamiyya na miƙa wa wata hannu, ta sa nata cikin hijabi ta ce mura take yi. 'Yata Hauwa ta dawo daga makaranta ta ce min, "Umma, an ce kar a ci abinci kwano ɗaya da ni."

Na sauke kasko. Na daina fita.

Gaskiya ni ma na fara yarda. Kullum da safe sai na ƙirga yatsuna da ido, ina duba ko wani ya fara gajarta.

Maigidana, Malam Sani, shi ya gaji. Ya ce, "Rabi, shirya. In ma ita ce, gara mu ji daga bakin likita, ba daga bakin Ladi ba." Ya bar shara a gona ranar, muka hau mota zuwa Funtua.

Muka yanki kati, muka bi layi har bayan azahar. Likitar mace ce. Ta kama hannuna biyu ta juya su, ba ta ja baya ba. Wata biyar rabon da wani ya taɓa min hannu ban da mijina.

Ta ce in rufe ido, ta riƙa taɓa fatar da auduga tana tambaya ko ina ji. Ko'ina ina ji. Ta duba bayana da ƙafafuna. Ta sa aka kankari fatar aka kai gwaji don a tabbatar ba makero ba ne. Sannan ta tambayi sana'ata.

Ta ce, "Hajiya, wannan ba kuturta ba ce. Egzima muke ce masa. Ruwa da omo da tsami ne suka cinye maiƙon fatarki. Ba a ɗaukarsa, ko a abinci ko a gaisuwa. Kusan kullum sai na ga irinsa, a hannun masu wanki, masu aikin siminti, har ma'aikatanmu na jinya."

Ta ƙara da cewa ko kuturtar ce ma tana da magani.

Ta ba ni ƙwayoyi na mako guda saboda tsagar ta fara ɗurar ruwa, da wani man shafawa mai ƙarfi da ta ce sati biyu kawai, kar in wuce. Sauran duk basilin ne: bayan kowace alwala in tsane hannu sosai in shafa. In zan taɓa omo ko ruwan tsami, in sa safar hannu, ta auduga a ciki, ta roba a sama. Abin da na kashe a asibitin bai kai wanda na zubar a kemis ba.

Sati uku tsagar ta rufe. Wata biyu fata ta dawo. Likita ta ce ciwon yana iya tashi in na yi sakaci, kuma ya taɓa tashi sau ɗaya da na yi wanki babu safa.

Na koma suya. Wasu sun dawo, suna ta "ai mun san sharri ne". Kun sani, amma ko ɗayarku ba ta leƙo ni ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa Malam Sani, wanda ya yi ta wanke-wanke ana yi masa dariya. Na gode wa likitar nan, Allah Ya saka mata da alheri.

'Yan uwana masu sana'ar ruwa, in hannunku ya fara ƙaiƙayi yana tsagewa, ku je asibiti da wuri. Kar ku shafa abin da babu suna a jikinsa. Ku bar toka da kanwa. Ku sayi safar hannu.

Kuma in kin ga hannun wata ya lalace, ki tambaye ta, ko ki ja bakinki ki yi shiru.

Ladi, saƙon ban haƙurinki da kika aiko ta bakin wata ya iso. Ban karɓa ba. A gaban mata kika faɗa, a gabansu za ki janye.