Shekarar da Ba a Aika Ruga Ba

A wani ƙauye kusa da Madakiya na taso, a gidan da ba mu da rediyo sai Kaka. Da an gama cin tuwo sai ta jawo 'yar kujerarta bakin murhu, ta tura gwaza cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta muna ture juna. Hausarta irin ta tsofaffin wajenmu ce, in ta ƙare mata a tsakiyar zance sai ta zarce da yarenmu ba sallama. Wanda ya yi dariya kuwa ya rasa gwazarsa.

A kogin bayan garinmu akwai wani gurbi mai zurfi da ba ya ƙafewa komai tsananin rani. Duk shekara ba mai jefa ƙugiya a ciki sai rana ɗaya, ranar su, wato kamun kifi na gari duka. Mata su daka ganyen magimfa a zuba a ruwa, kifi ya bugu ya taso, kowa ya faɗa da kwandonsa, ga tarwaɗa ga karfasa. Amma kafin a zuba dole a aika rugar Fulanin da ke ƙasan kogi, su koro shanunsu sama su sha har ruwan ya wanke. Da yamma a kai musu kwando guda na kifi. Su ba cin kifi suke sosai ba, amma suna karɓa, su dawo da kwandon da man shanu a ciki. Wannan aike na gidanmu ne tun kakanni. Da kakana ya rasu sai ya faɗo kan babana, Bulus.

A rugar nan Kaka take da ƙawa, Inna Dija. 'Yarta Adama sa'ata ce, tare muke tsintar ɗinya.

Sai aka yi tashin hankalin nan a Kafanchan. Ko bukka ɗaya ba a ƙona a ƙauyenmu ba, amma gaisuwa ta gajarce. Da rani ya zagayo, maza suka tsaya bayan sujada suka yanke cewa bana ba mai taka ruga. Samari kuma suka ce magimfa aikin tsofaffi ne, suka sayo kwalbar maganin feshi a kasuwa. Babana ya bi bayansu, shi ke nan aike ya mutu.

Ana gobe su, Baba na zaune a bakin ƙofa yana ɗinke komarsa ta kamun kifi, Kaka ta gyara murya fiye da yadda ta saba.

"Ga ta nan ta iso, mai kunne ya matso," in ji ta. "Har wanda ke bakin ƙofa."

Ta ce a da can an yi wasu mutum biyu a bakin kogi ɗaya, Na-sama da Na-ƙasa. Suka yi faɗa a kan abin da ko su ba sa iya tunawa. Ranar su ta zo, Na-sama ya zuba magimfa bai aika ba. Ya kama kifi har kwando ya gaza, ya kai gida yana taƙama. Matarsa ta ɗauki wuƙa za ta gyara, sai kifin farko ya buɗe baki ya kira sunan ɗan maraƙin Na-ƙasa. Na biyu ya kira sunan akuyarsa. Na uku ya kira sunan jaririyarsa. A nan Kaka ta sassauta murya, mu kuma muka manne da juna.

"Sai kogi ya ce, ni ba ɗan aiken mugu ba ne. Ya tsaya cik, ya juya da baya, ya kwaso duk abin da Na-sama ya zuba ya kai masa har cikin randa."

Ta ce nan ta ƙare, wanda ya ji ya ji. Baba ya ce, "Mama, yaran nan barci suke ji." Ta ce ai ba da yara take ba. Ya naɗe komarsa ya shige ɗaki.

Washegari aka zuba maganin feshin a gurbin, aka kama kifin da ban taɓa ganin irinsa ba. Manya da ƙanana, har 'yan mitsi-mitsi da kwaɗi, duk sun juya ciki sama. Mutane na ta murna wai Allah ya yi albarka. Kaka ta ce cikinta ba daɗi, ba ta ko taɓa miyar ba. Ba a daɗe ba labari ya iso cewa shanu na faɗuwa a ruga. Kafin ruwan farko sun kwashe sun tafi, ba wanda ya je musu jaje. Gurbin ma ya mutu, shekarun da suka biyo baya sai dai a shiga a fito da laka.

Wallahi na daɗe ina zuwa bakin kogin nan ina jira ya juya. Bai juya ba. Babana ya zama dattijon ikilisiya, ya tsufa cikin mutunci. Haushin wannan ya ci ni, amma ina lallashin kaina da Kaka. Duk inda na zauna sai na ba da labarinta, tsohuwar da ta gaya wa ɗanta gaskiya a gaban jikoki.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in, na yi aure ina zaune a Kafanchan, sai na ga wata mai nono kusa da tashar jirgi. Ita ta fara gane ni, ta ce, "Saratu?" Adama ce. Muka riƙe hannu muka yi ta gaisuwa. Ta ce abin da ya rage na garken bai yi ƙarko ba, babanta ya koma kiwon shanun wasu har ya rasu. Inna Dija ma ta rasu. Ta ce har ta bar duniya, in an zagi mutanen garinmu sai ta cire mutum ɗaya, ta ce ƙawarta ba ta sani ba, da ta sani da ta zo.

Ni kuwa da zumuɗina na ce ai Kaka ta sani, kuma ta yi iya yinta. Na kwashe tatsuniyar kaf na gaya mata, har da kifi mai kiran suna. Adama ta saurara har na gama, tana juya ludayi a ƙwarya.

"Tatsuniya ta yi," ta ce. "Saratu, daga gidanku zuwa rugarmu ko tuwo ba ya hucewa."

Na san dalilan Kaka. Maza sun yanke magana, ɗanta na cikinsu, kuma a shekarar nan matar da aka gani a hanyar ruga sai ta sha baki har kabari. Har gobe ina ƙaunarta, Allah ya sani. Amma tun ranar na gane cewa da ita da ni duk kogi muka zauna jira ya yi abin da ƙafar mutum za ta yi kafin gari ya waye. Abin da ya fi ci mini rai kuwa, Inna Dija ta mutu da ƙawa ɗaya a garinmu, ni kuma na je da bakina na karɓe ta daga hannun 'yarta.