Tahiru da Itacen Rufin Kabari

Tahiru mai haƙa kabari ne a wani ƙauye kusa da Tirmini. Gajere ne, ga baki kamar aska, kuma duk mai tinƙaho a garin ya san wata rana Tahiru ne zai auna tsawonsa.

Tun yana saurayi yake haƙa, gawa ba ta taɓa ba shi tsoro ba. Itace ne damuwarsa. Ai ba a zuba wa Musulmi ƙasa a fuska, sai an jera itatuwa bisa ramin, an liƙe da laka. To, daji ya ƙare. Maza na yin sassabe ƙwal, wai gona mai tsiro ta rago ce, mata na tone saiwa su hura wuta. Iska ta kwashe ƙasa, hatsi ya koma kamar gemun ɗan akuya.

Ranar da Kaka Kellu, uwar liman, ta rasu, aka nemi itace aka rasa, sai ƙyauren ɗakinta aka ɓalle aka rufe ta. Tahiru ya koma gida ya dubi ƙofarsa: asabari ne, shi ma ya yage.

Ya sami liman a zaman makoki.

"Allah gafarta Malam, kullum Aljanna kake gaya musu. Gaya musu rami tukuna."

"Tahiru, ka ji tsoron Allah!"

"Shi nake ji. Kai ƙyaure nawa ya rage maka?"

Ranar Juma'a liman ya yi huɗuba: kowane magidanci ya bar tsiron gawo a gonarsa, ya rage masa rassa, ya rene shi. Shi ne itacen rufinsa, inuwarsa kuma sadaka ce mai gudana. Ana sallamewa Tahiru ya ɗaga murya daga sahun baya: "Wanda ya sare nasa, in ya mutu ya taho da ƙyaurensa!"

Aka bushe da dariya. Alhaji Mala, wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa, shi aka fara gani da safe yana kewaye tsironsa da ƙaya. 'Yan furoje, ma'aikatan shirin raya daji, sun taɓa kawo dashe cike da kamyo, babbar motar kaya, awaki suka yi walima da shi. Abin da ya gagare su, tsoron rami ya yi shi.

Gawo kuwa ɗan halak ne. Da damina yake zubar da ganye, ya bar wa hatsi rana da taki. Ƙasa ta zauna, rumbuna suka cika, awaki suka yi ƙiba da 'ya'yansa.

Yau Tahiru ya tsufa, ya bar wa yara haƙa. Yakan kai matarsa Zainabu gona ya nuna mata wani reshe.

"Kin ga wancan? Shi zai rufe ni."

"To, Malam, me kake jira?"

"Bari ya ƙara kauri. Ba ni son rufin talaka."