Sati Uku Ba Ta Sani Ba

Ranar da Baba ya rasu a Kaduna, igiyar da ke kai intanet tsibirin da ƙanwata take aikin likita ta kwana biyu da tsinkewa. Ni ban ma san da wata igiya a ƙarƙashin teku ba sai lokacin. Ɗaya tal, wai kaurinta bai wuce tiyon ban ruwa ba. Aka ce sai jirgin ruwa ya taso daga wata uwa duniya ya lalubo ta ya haɗa.

Akwai hanya, ba zan yi ƙarya ba. Asibitinsu na da wayar satalayit a ofis, ana barin saƙo. Mijina ya ce in kira, na ce Allah ya kiyaye! Wani akawu da bai san mu ba ya miƙa mata mutuwar ubanta a guntun takarda? Mu ba haka muke yi ba. Sai a fara cewa jikin ya tsananta, a tabbatar akwai mutum kusa da ita, sannan a faɗa. Na bi dangi ɗaya bayan ɗaya ina roƙo kada kowa ya tura mata komai, ni zan gaya mata da bakina.

Sati uku waya na hannuna, daga gidana a Beltsville, nan Amurka, zuwa asibitin da nake aikin nas, har banɗaki. Ranar da aka gyara igiyar ina ɗakin tiyata, wayata na kulle cikin lokar ajiye kaya. Ashe saƙo ba ya ɓata, jira yake yi. Wani ɗan kawunmu, sarkin rawar kai, tun ranar jana'iza ya sa hoton Baba a guruf ɗin WhatsApp na dangi, har da furanni. Hoton nan ƙanwata ta fara gani.

Da na fito na kira ta. Ba ta yi kuka ba.

"Yaya, ai kin san lambar ofis."

Na fara bayani, ta katse ni.

"Sati uku ina ci ina dariya, ubana na cikin ƙasa. An yi uku, an yi bakwai, ko Fatiha ban yi masa ba. Wa ya ce miki lallashi nake so?"

Ɗan kawun nan tuni ta yafe masa, har bikinsa ta je. Wannan yana ci min rai, wallahi. Ni kuwa sai ranar Sallah take kira, ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi yara, sannan ta ce marasa lafiya na jiranta.