Takarduna a Buhun Citta

Katsina, ƙarfe biyar da rabi

Na fito daga gida bayan sallar asuba, ranar wata Talata a tsakiyar Agusta, an kwana ana yayyafi. Makarantar kuɗin da nake koyarwa ba ta biyan albashi a dogon hutu, wata guda ke nan ina zaune. Wani abokina ya ce min wata makaranta a Maraɗi na neman mai koyar da Turanci, kuma shugabanta zai ga masu nema da ƙarfe sha biyun rana, kowa da takardunsa na asali. Na zuba nawa duka a ambulan ɗaya: shaidar digiri, ta bautar ƙasa, katin ɗan ƙasa, da takardar neman aikin da na shekara uku ina rabawa. Inna ta raka ni zaure, ta ce "Allah shi kiyaye hanya" har sau uku.

Mota ta cika tun shida, naira dubu biyu zuwa Magama ta bakin iyakar Nijar, amma direba ya ƙi tashi sai rana ta fito sosai. Da ya ga ambulan a cinyata sai ya ɓata rai.

"Malam, mi ne ne wanga?"

"Takardun makaranta."

"To ɓoye su. In mutanen daji suka tare mu suka gan su, ma'aikacin gwamnati za su ce da kai. Kuɗin fansarka ko gidanku aka saida ba su isa."

Ni da ko aikin ban samu ba! Na yi dariya, ba wanda ya taya ni. Wata dattijuwa 'yar Maraɗi da ke gefena, Hajiya Ramma, mai fataucin kayan yaji, ta miƙo hannu.

"Kawo, ɗana. Ba mai buɗe buhun citta."

Ta kwance bakin buhunta a but ɗin motar, ta cusa ambulan ɗin can ciki, ta ɗaure.

Daddara, takwas saura kwata

Daga Katsina zuwa Magama bai kai kilomita hamsin ba, amma na ƙirga shingen jami'ai har na gaji. Ba su ne suka tayar min da hankali ba. Gero ne. Ya yi tsawo ya rufe hagu da dama, mutum ɗari za su iya tsayawa a ciki ba ka gan su ba.

Muna wuce Daddara sai wata mota ta taho a guje tana ƙyafta mana fitila. Direbanmu ya taka birki, ya kashe rediyo. Muka yi cirko-cirko a gefen titi, motoci shida, kowa na salati ƙasa-ƙasa. Can muka ji ƙarar babura daga cikin gonaki. Minti arba'in muka yi a haka kafin motar sintiri ta zo ta shige gaba, muka bi ta. Har yau ban san su wane ne a kan baburan nan ba.

Magama, tara saura minti goma

Tsoro a ciki yake sauka min, wannan kowa ya sani a gidanmu. Ana tsayawa na ruga bayan masallacin tasha neman banɗaki. Da na dawo, but a buɗe, ba buhu, ba Hajiya.

"Ta hau ta Maraɗi," in ji direba. "Mutum guda ake jira, ta cike. Ba ka ɗauki kayanka ba?"

Na hau acaba zuwa bakin iyaka. Jami'in da ke wurin ya saurare ni tsaf, ya ce ba ya barin mutum ya tsallaka ba kati. Wani mai babur ya matso ya raɗa min cewa zai bi da ni ta daji. Na dubi geron nan, na ce a'a. Na zauna a gindin dalbejiya ina tunanin shekaru biyar na jami'a da saniyar da Inna ta sayar, ga su can sun tafi wata ƙasa a cikin kayan miya, ban ma san unguwar matar ba.

Sha ɗaya da kwata waya ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce, ta Nijar. A yankinmu baƙuwar lamba ba abin murna ba ce. Na ɗauka.

"Kai ne Mushe Kabiru?" Haka suke kiran malamin makaranta.

"Ni ne."

"Jandarma ne daga garin Ɗan Isa, nan tsallaken iyaka. Ka taho yanzu."

Ɗan Isa, sha biyu daidai

Bayan jandarman ya yi magana da jami'in namu, aka haɗa ni da wani direba ya kai ni. Na tarar da Hajiya Ramma zaune a benci, cittarta a baje a ƙasa. Ashe wajen binciken kaya jandarmomi suka zazzage buhun, suka ga katin namiji ɗan Najeriya a ɓoye. Suka ce ta faɗi inda mai shi yake, ko kuwa saƙon masu garkuwa da mutane take kaiwa. Awa biyu tana rantsuwa, ita ko sunana ba ta sani ba.

Jandarman ya dubi hoton katin, ya dube ni, ya sa na karanta ranar haihuwata da ka. Sannan ya miƙo min ambulan.

Na durƙusa ina ba Hajiya haƙuri, muna kwashe citta tare.

"Tashi, ɗana. Ni na mance, na zaci ka ɗauke. Lakwal ɗin fa, makarantar da za ka?"

Na kira shugaban makarantar da wayar jandarman. Maraɗi saura kusan awa guda. Ya ce mutum huɗu na zaune a gabansa, ba zai iya jira ba, sai wani jiƙon. Hajiya ta saya min shinkafa da wake, ta ƙulla min citta a leda, ta ce in kai wa uwata. Na cinye shinkafar, muka yi sallama.

Gida, biyar da rabi

Ƙarfe uku na kama motar Katsina, don bayan la'asar ba mai son hanyar nan. A wannan karon cikin rigata na cusa ambulan ɗin, na rungume hannu har muka shigo gari.

Inna na tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta dubi fuskata, ba ta tambayi aiki ba. Ta karɓi takardun ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya kamar ta iya karatu, ta yi atishawa saboda citta, ta ce alhamdu lillahi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Hajiya Ramma da ta sha tuhuma saboda ɗan da ba nata ba. Da na ba Inna labari har ƙarshe sai ta ce, "To yaya aka yi jandarman ya samu lambarka?"

Na ce a saman takardar neman aikin take.

Sai a lokacin na lura. Shekara uku ina raba takardar nan ofis-ofis, kuma ranar ce karon farko da wani ya kira lambar da ke jikinta.